Babur Ba Ya Da Wutsiya

Gogen Kawu Mijinyawa ya shekara uku a rataye
a kan ƙusa, tsakanin hauya da matacciyar fitila.
Ba tsufa ne ya rataye shi ba,
ba kuma wa'azin da ake saki a lasifika bayan la'asar ba.
Tsarkiya ce ta tsinke,
dokin ƙarshe na garinmu kuwa
an kai shi kasuwar Jiratawa, an komo da babur.

Babur ba ya da wutsiya, in ji Kawu.
Yana faɗi yana dariya, haƙoran nan huɗu jajur da goro,
amma yatsunsa na hagu ba su ɗauke shi wasa ba.
A kan gwiwa, a bakin akushi, a jikin sanda,
suna ta danna waƙar da ba ta fita.

Ya gwada zaren masuntan Madarunfa.
Zaren ya yi ƙara, bai yi magana ba.
Ya ce, wannan ai sauro ne a cikin tulu,
ya kwance ya ba yara su ɗana tarko.

Ni na san gogen nan tun ina goye.
Ƙwaryar daga bayan ɗakin kakarmu ta fito,
fatar ta guza ce, da hannu ya kamo shi a bakin gulbi
shekarar da ruwa ya shiga rumbuna.
In an ɗaure gero, an huta,
Tasalla ta kifa ƙwaryarta ta zauna dama da shi,
sai ya murza ƙaro a jikin izga,
ƙamshi ya riga sauti isowa.
Masu albasa su hauro daga fadama da laka har ƙwauri,
wani ya liƙa dala biyar, wani ya kawo zabo,
wani baƙin ciki kawai ya kawo,
ya koma da shi ya ɗan ragu.

Tasalla ta rasu cikin azumin bara waccan.
Da ƙwaryarta ake awon dawa yanzu.

Sai ga Sallau, ɗan ƙanwata, daga Maradi,
inda yake gyaran waya a bakin kasuwa,
da jita a saɓe, an naɗe wuyanta da roba,
tsarkiya shida, biyu wayar birki ce.
Ya zauna gindin bedi yana kwaikwayon rediyo.

Kawu ya fito. Kunnensa ya jima da yin nauyi.
Bai ce uffan ba, ya durƙusa gaɓa gaɓa kamar raƙumi,
ya kama kan jitar da haƙoran nan huɗu
don ƙashi ya jiyo masa abin da kunne ya ƙi.
Ya daɗe. Ya saki. Ya tofar.
Ya ce, sassauta ta uku. Ƙara. Tsaya nan.
Sannan ya ja goge da maƙogwaro,
yaro na biye da shi yana tuntuɓe:
taken manoma, taken mahauta,
da wani take da bai faɗi mai shi ba,
mu dai mun ga ya dubi ƙwaryar awo.

Kwana tara Sallau ya dawo
da ƙunshi a takardar siminti.
Izga ce baƙa, daga wani mai godiya a Tibiri,
jaka biyu, da alkawarin gyaran waya kyauta.

Kawu ya shinshina. Ya ƙirga gashin sau biyu.
Hannunsa ya kasa ƙulli.
Yaro ne ya ƙulla, tsoho na faɗa:
ba haka ba, ɗan nema, ba takalmi kake ɗaurewa ba.

Ja na farko ya fito a shaƙe,
kamar muryar wanda aka tasa daga barci.
Awaki suka ɗaga kai.
A gidan maƙwabta taɓarya ta tsaya a sama,
ta jira na biyu.